Takalmin Tagulla

A rumfar bayan gida, can arewacin Montana,
babana Orval yana narka dalma tun duku-duku,
dalmar da ake maƙala wa taya don ta bar rawa,
bokiti guda ya kwaso a garejin Delbert.
Ƙanƙara ta cinye rabin taga.
Kofinsa ya huce a kan gwangwanin ƙusoshi.

Duk ɗan dalmar da ya faɗo daga mazubi
sai ya sa masa takalmi,
'yar tasar tagulla da ba ta kai farcen jariri ba,
ya matse ta a dunduniya
don kada wutar albarushi ta lashe tafin ƙafa.
Wannan mai sauƙi ne, in ji shi.
Aikin yana wurin zama.

Ina shekara sha huɗu ya miƙo mini hannun injin matsi.
Sigrun, zaunar da shi a wuyan kwanso.
Na bar shi ya yi tsawo, kai a waje kamar mai leƙen katanga.
Muka rufe bindiga da ƙyar, muka buɗe,
kwanso ya fito shi kaɗai,
dalma ta maƙale a maƙogwaro,
albarushi ya watse cikin ƙarfe kamar gero.
Bai yi faɗa ba.
Ya ɗauko sandar wanki ya zungure ta,
ya ba ni tsintsiya.

Na biyu sai na danne shi don haushi.
Ya zare shi da filaya, ya girgiza kwanson a kunnena.
Kin ji? Takalmin ya zarce wuya,
ya faɗa rijiya ya bar mai shi ƙafa tsirara.
Abin da wuya bai riƙe ba, babu mai riƙe shi.

Daga nan ya kunna kyandir.
Ya gasa kan dalma a hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin,
a kwanso marar albarushi,
ya tura a hankali, ya jawo a hankali,
muka haɗa kai a ƙarƙashin fitila
muna neman inda tsagar bututu ta taɓa baƙin.
Ga su nan, 'yan zane shida, kamar sawun tsuntsu.
Ya murɗa dunƙulen sama kaɗan, kaurin gashi.
Ya sake. Ya sake.
Har zanen ya zama gaisuwa kawai, ba kokawa ba.
Ya ɗaure zoben da ƙarfi,
ya karce wa kwanson harafinsa da ƙusa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Barewa nawa muka rataye a wannan rumfa, ban ƙirga ba.
Bara muka kai shi makwanci a bayan coci,
ƙasa ta daskare har sai da aka kawo inji.

Jiya na buɗe aljihun teburinsa,
ga kwanson nan da harafinsa, ya yi kore a gefe.
Na kunna kyandir, na baƙanta, na tura, na jawo.
Babu zane ko ɗaya.
Harbi ya ci maƙogwaron bindiga a hankali,
tsagar ta ja baya, awon Baba bai kai gare ta ba.

Na daɗe riƙe da sifana.
Zoben da ya ɗaure ya yi tsatsa a wurinsa,
ya ƙi, ya ƙi, sannan ya yi ƙara ya saki.
Na fito da dalmar waje kaurin gashi biyu.
Na duba dunduniya:
takalmin yana cikin wuya har yanzu, da ɗan saura.

Na zauna a kan bokitin Delbert da ya kife,
kyandir yana ɗiga a kan katako,
ina neman ƙusa.